Kovács: yadda maƙerin ƙauye ya bar wa mutum fiye da 200,000 suna a Hangari

Wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a Munich ranar 31 ga Mayun 2025, ranar da PSG ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema, da wuya ya damu da sunan alƙalin wasa. István Kovács ake ce masa, kuma Romaniya yake wakilta. Amma duk ɗan Hangari da ya ga sunan nan a talabijin ya san nasu ne, domin daga István ɗin har Kovács ɗin duk na harshensu ne. Kocin da ya ci wa Ajax kofin Turai sau biyu a jere, a 1972 da 1973, zamanin Johan Cruyff, shi ma Kovács ne, Ștefan Kovács, shi ma kuma ɗan Romaniya. Ga Mateo Kovačić na Kuroshiya, wanda magoya bayan Chelsea da Manchester City suka sani, ga Niko Kovač da ya horar da Bayern Munich. Tushen sunayen nan ɗaya ne, kuma ma'anarsa maƙeri.

A cikin Hangari kanta, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 10 ba, masu sunan Kovács sun haura 200,000. Wato cikin kowane mutum hamsin akwai aƙalla ɗaya. Yana cikin sunaye biyar da suka fi yawa, tare da Nagy, Tóth, Szabó da Horváth. Yawansa ya kai ga idan ana son a ba da misali da mutumin da ba kowa ba, irin wanda za a rubuta a samfurin takardar banki ko katin shaida, sau da yawa Kovács János ake rubutawa. A lura, sunan dangi ne a gaba, sunan yanka a baya. Haka suke yi a gida, sai in sun fita waje suke juya shi. Game da furuci kuwa, Bahaushe ya fi Bature sa'a: haruffan "cs" daidai suke da "c" ɗinmu na ciki da cokali, ita kuma alamar da ke kan "a" tana nufin a ja wasalin. "S" ita kaɗai "sh" ce a wurinsu, "sz" kuma ita ce "s", shi ya sa Puskás ake kiransa Pushkash, Szoboszlai na Liverpool kuma Soboslai.

Tambayar farko da ya kamata a yi ita ce, me ya sa maƙeri? A zamanin da sunayen nan suka kafu, tsakanin ƙarni na 14 da na 16, kusan kowa a ƙasar manomi ne. Da yawan masu sana'a ne ke haifar da yawan suna, da "manomi" ne zai cika ƙasar. Ba haka abin yake ba, saboda laƙabi aikinsa bambancewa. A ƙauyen da magidanta arba'in duk noma suke yi, kuma goma daga cikinsu János ne sunansu, ka ce "János manomi" ba ka faɗi komai ba. Amma ka ce "János maƙeri", har yaro ya san gidan. Sana'ar da za ta haifi suna mai yawa sai ta cika sharaɗi biyu lokaci guda: ta zama ta mutum ɗaya ko biyu a ƙauye, sannan ya zama babu ƙauyen da zai rayu ba tare da ita ba. Ƙira ta cika su duka. Ɗinki ma ya cika, shi ya sa Szabó, wato tela, yake biye da shi. Haka Molnár mai niƙa, da Varga mai aikin fata da takalma, da Takács masaƙi, da Mészáros mahauci.

Maƙerin ƙauyen Hangari ba ƙaramin mutum ba ne. Ƙasar fili ce shimfiɗaɗɗiya ta dawaki da shanun huɗa da keken doki, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana buƙatar ƙarfe. Shi ke wasa bakin garma idan ta dakushe, shi ke buga wa doki takalmin ƙarfe a kofato, shi ke ɗaura wa ƙafar keken katako zoben ƙarfe. Wannan na ƙarshe aiki ne na gwaninta: ana ƙera zoben ya ɗan gaza ƙafar, a gasa shi a wuta ya buɗe, a ɗora shi da zafinsa a kan katakon yana hayaƙi, a buga, sannan a kwara masa ruwa nan take. Yana hucewa sai ya tsuke ya damƙe ƙafar gam. In an yi jinkiri katakon ya ƙone, in an yi kuskuren awo zoben ya fita a hanya. A wurare da yawa ƙauyen ne ke ɗaukar maƙeri da yarjejeniya, a ba shi maƙera da wurin zama, manoma su biya shi da hatsi bayan girbi. Akan kafa maƙerar a gefen gari saboda tartsatsi da rufin ciyawa ba sa shiri. Kuma tunda kullum hannunsa na kan dawaki, shi ne likitan dabbobi kafin a sami na makaranta, har haƙorin mutane yakan cire.

Mu ma muna da irin wannan kira. Ana cewa wane Maƙeri, wane Tela, wane Majemi, akwai unguwannin Maƙera da Dukawa, kuma sana'ar kan bi gida daga uba zuwa ɗa. Bambancin shi ne a wurinmu laƙabin yakan tsaya kan mai shi. Jikan maƙeri da ya zama malamin makaranta sunan ubansa ko na garinsu yake ɗauka, ba ya rubuta "Maƙeri" a takardar jarrabawa. A Hangari abin da ya daskarar da laƙabi ya mai da shi gado shi ne alƙalamin mai karɓar haraji. Talakawan karkara a lokacin suna ƙarƙashin masu ƙasa ne, suna biyan su da hatsi da kuɗi da aikin ƙarfi, tsarin da bai ƙare ba sai 1848. Mai ƙasa yana son ya san wane gida ne ke riƙe da wace gona, kuma wa zai bi bashi idan uban gidan ya mutu. Don haka magatakarda ya rubuta gidan da sunan da aka san shi da shi, shekara ta zagayo ya sake kwafe shi, har sunan ya manne wa gidan ko da an daina hura zugazugi a cikinsa. Tsofaffin takardun da Latin aka rubuta su, inda maƙeri yake fitowa da sunan "faber", kuma sau da yawa ba a iya gane ko sana'ar mutumin ake nufi ko sunan gidansu. Alamar da ke nuna suna ya zama gado ita ce ranar da aka ga an rubuta mutum da sunan Kovács alhali aikinsa niƙa ne ko kiwo. Ko Turkawan da suka mulki tsakiyar ƙasar daga Santambul, bayan yaƙin Mohács na 1526 da kame birnin Buda a 1541, sun bi gida gida sun rubuta masu biyan haraji, kuma littattafansu na cikin abin da masu bincike ke dogara da shi a yau.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne kalmar kanta aro ce. Harshen Hangari ba ɗan'uwan harsunan maƙwabtansa ba ne, danginsa na nesa su ne harsunan Finlan da Estoniya. Kakannin Magyar, kamar yadda suke kiran kansu, sun iso yankin wajen shekarar 895, suka tarar da al'ummomin Slav, dangin mutanen Slobakiya da Sabiya da Polan na yau, zaune, suka ɗauki kalmomi masu yawa na noma da sana'a daga bakinsu. "Kovács" na cikinsu, daga kalmar Slav mai nufin bugun ƙarfe. Sarakunan farko, daga Istifanus na Ɗaya da aka naɗa wajen shekarar 1000, sun ware ƙauyuka da kowanne ke yi wa fada hidima da sana'a ɗaya, kuma sunayen wasu na nan har yau: Nagykovácsi da ke gefen Budapest garin maƙeran sarki ne a asali, kamar yadda Szakácsi yake na masu dafa abinci, Halászi na masunta. Aron nan shi ya sa sunan bai san iyaka ba. Kováč ne a Slobakiya, inda shugaban ƙasarsu na farko bayan rabuwa da Cek a 1993 yake Michal Kováč. Kovač da Kovačević ne a Kuroshiya da Sabiya, Kowalski a Polan, Kovalenko a Yukren, Covaci a Romaniya. Ɗan Slobak da ya koma tsakiyar Hangari a ƙarni na 18, lokacin da ake sake cika garuruwan da yaƙin Turkawa ya kwashe, ba ya buƙatar canza suna don ya saje. Limamin coci ya rubuta masa "cs" a madadin "č", shi ke nan. Jikokinsa Kovács ne kamar kowa.

Daga nan ne lissafin "kakana maƙeri ne" yake fara rushewa, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Da dama daga cikin masu sunan nan ba gadonsa suka yi daga maƙera ba, zaɓarsa kakanninsu suka yi a ofis.

A 1787 Sarki Joseph na Biyu na gidan Habsburg ya umarci Yahudawan daularsa su ɗauki sunan dangi tsayayye, na Jamusanci. Kafin nan akasarinsu wane ɗan wane suke yi. A 1814 kuma aka hana kowa canza suna sai da izinin hukuma. To, bayan sulhun 1867, wanda ya ba Hangari gwamnatinta a cikin daular Ostiriya da Hangari, shugabannin Budapest suka tsinci kansu da wata damuwa: a ƙidayar 1880 masu harshen Magyar ba su kai rabin mutanen masarautar ba. Sauran Romaniyawa ne, Slobak, Jamusawa, Sabiyawa, da Yahudawa masu Jamusanci ko Yidish, harshen Yahudawan yankin. Sai aka shiga yaƙin mayar da mutane Magyar ta makaranta, ta aikin gwamnati, da ta suna. A 1881 aka kafa wata ƙungiya musamman don mayar da sunaye na Magyar, ƙarƙashin Simon Telkes, wanda shi kansa sunan gidansu na asali Rubin ne. A shekarar aka rage kuɗin takardar canza suna daga forint 5 zuwa krajcár 50 a kuɗin ƙasar na lokacin, wato kashi ɗaya bisa goma. Masu tinƙaho da asali ba su ɓata lokaci ba wajen laƙaba wa sababbin shigar suna na reni, "Magyar ɗin krajcár hamsin".

Mai neman sabon suna hanya biyu ya fi bi. Ko dai ya fassara nasa, Bajamushe Schmidt, wanda shi ma maƙeri yake nufi, ya koma Kovács. Ko kuma ya riƙe harafin farko ya nemi sunan da ya fara da shi, ta haka Yahudawa masu sunan Kohn da yawa suka wayi gari Kovács. Dalilin son sa a fili yake. Wanda ke canza suna don ya daina jan ido ba zai ɗauki sunan da za a tambaye shi daga ina ba, zai ɗauki wanda ke kowane layi. Ga shi kuma hukuma ba ta bari sabon shiga ya ɗauki tsohon salon rubutu da ake dangantawa da manyan gidaje, irin sunayen da ke ƙarewa da "y". Wannan ya sa bambancin harafi ɗaya yake da nauyi a can. Kováts da Kovách tsofaffin rubutu ne na tun kafin a daidaita ƙa'ida, irin na Mihály Kováts, sojan dokin da ya je ya yi yaƙin 'yancin Amurka aka kashe shi a Charleston a 1779. Furucinsu ɗaya da Kovács, amma mai "ts" yana iya ɗaga kai ya ce nasa ya daɗe.

Guguwar ta sake tasowa a shekarun 1930, lokacin da aka matsa wa sojoji, ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati lamba. Gidan shahararren ɗan ƙwallo Ferenc Puskás, wanda ake ba da kyautar ƙwallo mafi kyau ta shekara da sunansa, Purczeld ne sunansu, Jamusawa ne a asali, sai a 1937 mahaifinsa ya canza. Marubucin wasan kwaikwayo Ferenc Molnár an haife shi Neumann. János Kádár, da ya mulki ƙasar daga 1956 zuwa 1988, Csermanek ne, ya ɗauki sunan mai haɗa gangar katako a matsayin sunan ɓuya lokacin da jam'iyyarsa ta kwaminis ke aiki a ɓoye. Babu ɗayansu da ya gaji sana'ar da sunansa ke faɗa.

Ga Yahudawa, cinikin da ƙasa ta yi da su shi ne ku ɗauki harshenmu da sunanmu, ku zama mu. Sun cika nasu ɓangaren. A ƙidayar 1910 masu harshen Magyar sun haura rabi da ɗan kaɗan, kuma Yahudawan da suka rungumi harshen na cikin waɗanda suka cike giɓin. Ƙasar ce ta saɓa. Dokar wariyar Yahudawa ta 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta bi mutum ta addinin kakanninsa, ba ta sunansa ba, kuma tsakanin Mayu da Yulin 1944 an kwashe mutum kusan 437,000 a jiragen ƙasa, akasarinsu zuwa Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, da hannun jami'an Hangari. Zama Kovács tun zamanin kaka bai ceci kowa ba. Bayan yaƙin, waɗanda suka tsira da yawa suka sake zubar da sunayen Jamusanci, haka ma Jamusawan ƙasar da ke tsoron kora, domin an kori dubbai daga cikinsu zuwa Jamus daga 1946.

Akwai kuma Romawa, waɗanda Turawa ke kira Jipsi, da suka yi ƙarnuka suna ƙira a gefen garuruwa, suna yin ƙusa da sarƙa da gyaran tukwane. Wasunsu Kovács ne, wasu Lakatos, mai ƙera makulli. Su kam sunan ya fi kusa da gaskiyar sana'ar.

Batun yadda alƙalin wasa da kocin Ajax suka zama 'yan Romaniya kuwa, yarjejeniyar Trianon ta 4 ga Yunin 1920 ce amsarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an yanke wa Hangari fiye da kashi biyu bisa uku na ƙasarta, mutum kimanin miliyan 3 masu harshen Magyar suka kwana a gidajensu suka tashi a wata ƙasa. Ștefan Kovács an haife shi a Timișoara a watan Oktoban shekarar, wata huɗu bayan sa hannu. Da ya riga yaƙin zuwa duniya, István za a rubuta masa. Alƙalin wasa kuwa ɗan Carei ne, garin da ke daf da iyaka, wanda Magyar ke kira Nagykároly. A Cekoslobakiya matan Magyar sun daɗe ana liƙa wa sunansu ƙarin "ová" na harshen Slobak, matar Kovács ta zama Kovácsová a takarda ko tana so ko ba ta so, sai bayan 1993 aka sassauta.

Cikin duk masu sunan nan, wanda ƙasar ta fi girmamawa a hukumance manomi ne daga kusa da birnin Pécs. Béla Kovács shi ne babban sakataren jam'iyyar ƙananan manoma, wadda ta ci kashi 57 cikin ɗari a zaɓen Nuwamban 1945, alhali sojojin Tarayyar Sobiyet na zaune a ƙasar. 'Yan kwaminis suka zarge shi da ƙulla makirci, suka nemi majalisa ta cire masa rigar kariya, majalisa ba ta miƙa shi ba. Sai Sobiyet suka daina wasan ɓuya: ranar 25 ga Fabrairun 1947 suka kama shi da kansu a Budapest, daga baya suka wuce da shi Rasha. Kowa ya fahimci saƙon, wato ƙuri'a ba ta da wani amfani matuƙar tankokin na nan. Cikin 'yan watanni firaminista Ferenc Nagy, ɗan jam'iyyarsu, ya yi murabus yana Suwizalan bai dawo ba. Kovács bai sami 'yanci ba sai 1956, da rashin lafiya a jikinsa, ya shiga gwamnatin Imre Nagy ta kwanakin juyin juya halin da aka yi wa mulkin Sobiyet a shekarar, ya rasu a 1959. Tun shekarar 2000, ranar da aka kama shi ce ranar tunawa da waɗanda mulkin kwaminis ya zalunta.

Juyin 1956 ɗin ya fitar da mutum kusan 200,000 daga ƙasar. Cikinsu har da wani ɗalibin makarantar fim, László Kovács, wanda shi da abokinsa Vilmos Zsigmond suka ɗauki hoton faɗan titunan Budapest a ɓoye, suka tsallaka da fim ɗin Ostiriya. Dukansu sun zama manyan masu ɗaukar hoto a Hollywood, shi László shi ya ɗauki Easy Rider na 1969. A wasanni kuwa sunan ya tara zinare: Pál Kovács ya ci na Olamfik shida a wasan takobi tsakanin 1936 da 1960, István Kovács mai laƙabin Kokó ya ci na dambe a Atlanta a 1996, Ágnes Kovács na ninƙaya a Sydney a 2000, Katalin Kovács ta ci uku a tseren kwalekwale. Suna ne kawai ya haɗa su.

Sunan da aka ƙirƙira don bambance mutum ɗaya yanzu ba ya bambance kowa, don haka dole aka nemo wasu dabaru. A ƙauye ana ƙara wa kowane gidan Kovács laƙabi na biyu, wani lokaci har ya shiga takarda a matsayin harafi ɗaya a gaban sunan. A ƙwallon ƙafa an daɗe ana sa lamba, Kovács I da Kovács II. A ofis kuwa, takardun hukuma da za ka cike a Hangari sukan tambayi sunan mahaifiyarka na gidan ubanta, tare da ranar haihuwa da wurin haihuwa. Abin ban sha'awa shi ne ita uwar da ake gane ɗanta da sunanta, a al'adance nata sunan ɓacewa yake yi ranar aure. Matar Kovács János takan zama Kovács Jánosné, wato "matar János Kovács", ba sunan dangi kaɗai ba, har na yanka ya tafi, kuma haka ake gani a kan tsofaffin kaburbura. Yanzu doka ta ba ta zaɓi, ta riƙe nata, ko ta haɗa biyun, ko ta ɗauki Kovács ta bar sunan yankanta, kuma tun 2004 miji ma yana iya ɗaukar na matarsa.

Waɗanda suka fi shan wahalar yawan sunan su ne jikokin 'yan ƙaura a wurare irin Cleveland ta Amurka, inda alamar kan "a" ta faɗi tuntuni aka koma Kovacs, wasu ma suka fassara shi zuwa Smith. Mai neman asalinsa daga can, sunan ba zai kai shi ko'ina ba. Sai ya san ƙauyen, sannan ya san addinin kakan, domin gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai 1 ga Oktoban 1895. Kafin nan kowace majami'a da littafinta, Katolika daban, 'yan Kalbin daban, 'yan Luther daban, Yahudawa daban. In kuma ƙauyen ya faɗa hayin iyaka a 1920, littafin na iya kasancewa a ma'ajiyar Romaniya ko Slobakiya ko Yukren, ƙarƙashin sunan garin da kakan bai taɓa kiransa da shi ba.